Usta Durmush da Bishiyar Bayan Gidan Dagaci

Kullum in aka sallame sallar asuba a masallacinmu, masu hankali gida suke komawa su karya kumallo. Usta Durmush kuwa, wato gwani Durmush a bakinmu, sai ya saɓa tsohon buhunsa, ya bi ta bayan maƙabarta, ya faɗa gonakin mutane ba sallama ba neman izini. Shekararsa saba'in da shida. Zai tsaya gindin bishiyar bishne, cerin nan mai tsami da ƙauyenmu na gindin dutsen Sultandagi yake ci yake sha da shi, ya shafa jikinta, ya murza ganye ya sansana, ya laluba inda mai gonar ya rage rassa, ya ja tsaki ya wuce ta gaba. Kafin hantsi ya iso gidan shayi da laifin kowa a bakinsa.

"Halil, wa ya yi wa bishiyoyinka wannan aski? Akuya?"

"Ni ne, Usta."

"Da akuyar ka bar wa, ta fi ka tausayi."

Haka ake fama da shi. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗaya, na koyar a makarantar garin nan har na yi ritaya. Don haka kada wani ya ɗauka daɗin baki na zo yi. Wallahi mutumin nan ya ƙona mini rai fiye da duk yaran da suka bi ta hannuna. Amma tun bara ya ajiye aiki, kuma na zuba ido na ga ba wanda ya motsa ya ce masa sannu, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ina jin haushinsa ina jin haushinmu.

Sana'arsa yi wa bishiya aure. Ya yanko ido, wato ɗan tohon da ke gindin ganye, daga reshen bishne mai kyau, ya tsaga ɓawon 'yar bishiyar daji, ya cusa idon, ya ɗaure da zaren rama, shi ke nan, bayan shekara huɗu ka zo da kwando. A baki abu mai sauƙi. Shekara hamsin da wani abu yana wannan aiki, ba gonar da ke kwarin nan da babu hannunsa a ciki, amma shi kansa ba shi da ko taku goma na gona. In ka tambaye shi dalili sai ya ce mai bishiya bawan bishiya ne.

Kakanninmu suna da al'ada, in mutum ya ga bishiyar daji ta tsiro a bakin hanya inda ba na kowa ba, sai ya yi mata aure ya wuce, matafiyi ya ci ya yi wa wanda bai sani ba addu'a. Kowa ya watsar da wannan al'ada sai Usta Durmush. Makiyayanmu shaida ne, daga bakin rafi har inda suke kai tumaki da bazara, ba za ka yi tafiyar rabin sa'a ba tare da ka ga bishne tana jiranka ba. Wani direban babbar mota daga Konya ya taɓa shigowa gidan shayi yana tambayar wane bawan Allah ne ya shuka na bakin titi, ya ce shekara tara yana tsayawa yana ci, yana so ya gode masa. Duk muka juya muka dubi Usta. Ya kurɓi shayinsa ya ce ai tsuntsaye ne. Direban ya tafi da godiyarsa a baki. Na ce masa, "Usta, mene ne a ciki don ka karɓi godiya?" Ya ce, "Malam, ka koma wajen allinka."

Sanin iri kuwa, Allah ya ba shi. A wani biki samari suka ɗaure masa ido suka jera masa kwano uku. Ya ɗanɗana na farko ya ce Kutahya ce, mai dogon tsinke, wadda ke nuna a makare. Na biyu ya ce Majar, mai gajeren tsinke. Na uku ya tauna ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ma Kutahya ce, amma an ɗirka mata ruwa har ta manta sunanta. Ta gonar Halil ce." Halil yana wajen, kuma haka ne.

Akwai kuma wani iri namu na gida da ban taɓa gani a wani gari ba. Raguwa muke ce mata. Duk bishiyoyin kwarin za su yi fure su yi fari fat, ita tana tsaye ƙeƙam kamar ba da ita ake ba, sai bayan kwana goma sha biyu ta farka. 'Ya'yanta ƙanana, baƙi ƙirin, tsaminsu har cikin kunne, kuma ba ta cika kwando. Sai dai in mata suka dafa ta da sukari suka shanya a faranti a kan soro, ba wadda ke kama ƙafarta. A da kowane gida da Raguwarsa ɗaya ko biyu a gefen gona.

Shekara goma sha biyar da suka wuce wani kamfanin lemon kwali ya zo ya ce zai riƙa kwashe amfaninmu gaba ɗaya, amma iri ɗaya yake so, ba gauraye. Dagacinmu Ramiz ya tara mutane a gidan shayi ya ce kowa ya tumɓuke tarkacen da ke gonarsa. Usta ya miƙe ya ce a bar Raguwa, ko ɗaya ɗaya ce, domin sanyin kwarin nan ba shi da alƙawari, ranar da zai zo a kan fure za a neme ta. Ramiz yana cikin jin daɗin kansa, sai ya ce, "Yaya Durmush, zauna. Raguwa ai ba mai sonta sai rago."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Mutumin da rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a kwance ba, shi aka kira rago a gaban jama'a. Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ƙi aiki ba, shi ne ya yi wa dubban sababbin bishiyoyin aure da irin da kamfani ke so, yana yi yana mita, kuma suka kama. Amma tun daga ranar bai ƙara ce wa Ramiz ko ci kanka ba. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, su fito kowa ya kama gabansa.

Raguwa ta shiga murhu gida gida. Waɗanda Usta ya yi a bakin titi, da aka zo faɗaɗa hanya katafila ta kwashe su rana ɗaya. Sai aka wayi gari saura guda ɗaya tak a duk kwarin, kuma don abin ya ƙara ba da haushi, a bayan gidan Ramiz take. Mahaifiyarsa ce ta shuka ta, shi ya sa hannunsa bai iya kai mata gatari ba.

Nan ne laifin Usta, kuma ba zan rufa masa ba. Shekara nawa ina binsa. Na ce ya je ya roƙi reshe biyu ya yaɗa irin tun bishiyar tana da ƙarfi. Ya ce ba ya roƙon wanda ya zage shi. Na ce to ga reshenta nan ya leƙo kan hanya, ya yanka ya wuce, wa zai gani? Ya dube ni kamar na ce ya sha giya, ya ce shi bai taɓa sa idon sata a jikin bishiya ba. Na ce ni zan je in roƙo masa. Ya ce in na kawo zai hura wuta da shi. Girman kai rawanin tsiya, na faɗa masa haka a gaban matarsa Ummuhan, ta ce, "Malam, kai yau ka fara faɗa, ni shekara hamsin ke nan."

Sai sanyin ya zo. Cikin shekara biyar sau uku raɓa tana daskarewa a kan fure a watan Afrilu. Bara ta fi muni. Muka fito da safe muka tarar da kwarin da jiya yake fari ya koma ruwan ƙasa, ka buɗe fure ka ga cikinsa baƙi. Manyan mutane suna tsaye a gona hannu a aljihu. Ba wanda ya kai kwando ɗaya wajen kamfani a shekarar.

Bayan kwana goma sha biyu tsohuwar bishiyar bayan gidan dagaci ta yi fure. Da watan Yuli ya kama ta yi 'ya'ya. Mutane suka riƙa bi ta lungun da ba hanyarsu ba don su gani, kuma duk wanda ya gani ya ga ɗayan abin: rabin bishiyar ya bushe, gindinta ya tsage, ƙaro yana tsiyaya ta ko'ina. Ba za ta ƙara ganin wata bazara ba. In ta mutu iri ya tafi ke nan, don ƙwallonta in ka shuka ba ita yake fitarwa ba, sai ta ido. Ido kuma duk garin mutum ɗaya ya iya shi.

Ummuhan ce ta gaji. Ta yafa mayafinta ta tafi gidan dagaci, ban san me ta faɗa masa ba, amma matar Ramiz ta ce har kaji sun yi shiru. Washegari muna gidan shayi ana karta, sai ga Ramiz da kwano a hannu. Ya ajiye shi gaban Usta, cike da Raguwa. Mutum mai shekara sittin da takwas, dagacin gari, ya sunkuya ya kama hannun Usta ya sumbata ya ɗora a goshinsa kamar yaro ranar salla.

"Yaya Durmush, na yi kuskure."

Usta ya ɗauki ɗaya ya tauna ya tofar da ƙwallon a tafinsa.

"Ka bar ta da ƙishi."

"Na bari."

"Uwarka ta fi ka hankali."

"Ta fi ni, Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Ƙarshen Agusta, in ɓawo ya saki. Kafin nan ka ba ta ruwa, kuma kada ka kuskura ka taɓa ta da almakashin nan naka."

Gabar kusan shekara goma sha biyar, 'yar maganar nan ce ta kashe ta. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ranar da aka sa, mu huɗu muka hallara da sassafe, Usta da Ummuhan da Ramiz da ni. A wani ɗan fili na Ramiz akwai 'yan bishiyoyin daji masu kaurin yatsa, su za a yi wa auren. Usta ya zagaya tsohuwar bishiyar yana laluben sababbin rassa, ya yanko abin da ya samu, ya datse ganyen ya bar ɗan tsinken kowane ganye a jikin ido, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ido ashirin da uku ta bayar masu rai. Ba ta da wasu.

Ya durƙusa ya buɗe wuƙa. Ido na farko wuƙar ta ratsa ta tsakiyarsa. Na biyu ta zame ta yanke shi a babban yatsa. A nan na ga abin da ya kamata in gani tuntuni, hannunsa rawa yake yi. Shekara biyu ke nan yana riƙe kofin shayi da hannu biyu, yana korar masu neman aikinsa da cewa bishiyoyinsu ba su cancanta ba, mu kuwa muna cewa tsufa ya ƙara masa izza. Ashe ɓoyo yake yi. Idonsa ma yanar tsufa ta rufe shi, shi ya sa komai sai ya laluba. Katanga ɗaya tsakanina da shi ban lura ba.

Ummuhan ta ɗaure masa yatsan da bakin mayafinta ta ce, "Tsoho, saura ashirin da ɗaya. Kai kaɗai za ka cinye su?"

"Ke me kika sani?"

"Na san ni nake riƙe maka zare tun kana da gashi."

Sai ya ce shi zai yi shida, a layin farko, sauran mu raba biyar biyar, kowa da layinsa don a san wanda ya yi ɓarna. Ya yi nasa shidan a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sannan ya tsaya a kanmu.

Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina tsawata wa 'ya'yan mutane.

"Malam, ta gefen inuwa na ce. Ba ka san arewa ba, me ka koya wa yaran?"

"Ramiz, ɓawo za ka tsaga, ba rago kake feɗewa ba. Kada wuƙa ta taɓa icen."

"Kada ka sa yatsa a cikin idon, ka riƙe shi ta tsinke. Don me na bar maka tsinken?"

Ba ya ganin abin da muke yi sosai, amma ƙarar wuƙar kawai yake ji ya san ka zurfafa. Duk wanda muka ɗaure sai ya bi da yatsa, in ya yi sako-sako ya sa a kwance a sake. Ummuhan ce kaɗai bai ce wa komai ba, ita kuma ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Sai jira. Ya ce mana kwana ashirin. In ido ya kama, ɗan tsinken nan zai yi rawaya, ka taɓa shi ya faɗi da kansa. In bai kama ba, zai bushe ya maƙale.

Ranar ta ashirin na riga Usta zuwa filin, sai na tarar da Ramiz ya riga ni. Yana durƙushe a layin farko yana ɓalle tsinkayen da farce. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Malam, ko ɗaya nasa bai kama ba. Duk shidan."

"To me kake yi?"

"Ai ba ya gani. In ya taɓa ya ji ba tsinke zai ce sun faɗi. Ka rufa mini asiri."

Na rufa. Da Usta ya iso da Ummuhan, daga layin ƙarshe ya fara. Ya bi nawa yana taɓawa, biyu suka faɗi, uku suka maƙale. Ya ce, "An gode Allah da ba likita ka zama ba." Na Ramiz huɗu suka faɗi. Ya ce hannun mahauci ma wani lokaci yakan yi sa'a. Na Ummuhan biyar duka. Ya yi gyaran murya ya wuce, ita ma ba ta nemi yabo ba.

Ya zo layinsa. Ramiz ya yi maza ya ce, "Naka ai tun jiya suka zube, Yaya. Duk sun kama."

Usta ya durƙusa a gaban na farko. Ya ɗora babban yatsansa a kan idon ya daɗe. Ya ja gwiwa zuwa na biyu, da na uku, har na shida, ba wanda ya tsallake. Sannan ya dafa kafaɗar matarsa ya miƙe.

"Ramiz."

"Na'am, Yaya."

"Da tsufanka ka fara ƙarya? Tsinken da ya faɗi da kansa wajensa santsi yake bari. Wannan farce ne."

Ramiz ya sunkuyar da kai.

"Ido ya bushe kamar ƙwayar barkono kana ce mini ya kama. Ku kwance zaren, kada ya shaƙe bishiyoyin banza." Ya kakkaɓe gwiwarsa. "Goma sha ɗaya. Sun isa. Nawa ne ba su kama ba, kuma ba laifin bishiya ba ne."

Daga nan bai ƙara yi wa wata bishiya aure ba. Tsohuwar Raguwa ba ta fita daga hunturu ba, da bazara Ramiz ya sare ta yana share hawaye. A makon ne idanu goma sha ɗayan suka tsiro, yanzu sun kai ƙugu.

Usta Durmush, na san ba za ka karanta wannan ba, in an karanta maka kuma za ka ce Malam ya rasa aikin yi. Ka faɗa. Kai ne ka ciyar da matafiya ka ɗora wa tsuntsaye. Kai ne ka faɗa mana gaskiya muka yi maka dariya, sannan ka yi mana aikin da muka zaɓa ba ka ha'ince mu ko a ido ɗaya ba. Kai ne kuma ka kusa kashe Raguwa da taurin kanka, wannan ma sai na faɗa, don in na bar shi kai za ka fara kirana maƙaryaci. Gwanin ido, mai bakin barkono. Ranar da hannunka ya ƙi, ba ka yarda an rufe maka da ƙarya ba, ka faɗa da bakinka a gabanmu. Ban san mutum nawa ne za su iya haka ba, ni dai ban tabbata zan iya ba.

Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Ummuhan haƙuri.

Ku kuma mutanen garinmu, na gaji da ku. Shekara hamsin mutum yana yi mana aiki a gaban idonmu, ba wanda ya durƙusa kusa da shi ya ce nuna mini, sai da ya rage ido ashirin da uku. Wanda ya ga bishiyar daji a bakin hanya ya yi mata aure ya wuce, wanda yake gaba da wani a kan maganar gidan shayi ya je ya gama da ita yau. Agusta tana zuwa, 'yan Raguwar nan za su ba da idonsu na farko. Ramiz ya kusa saba'in, Ummuhan gwiwa ta hana ta durƙuso, ni kuwa kun ji sakamakona. Ku turo masu sauran ƙarfi, ku ma ku zo. Zai zage ku, zai zagi wanda ya koya muku riƙe wuƙa, ku haɗiye ku durƙusa. Hannun ya riga ya tafi. Abin da ya rage yana cikin kansa, kuma shekararsa saba'in da shida.